Ranar da Ruƙayyatu Ta Kai Rediyo Ɗaka

Akwai wata mata a Tursa mai suna Ruƙayyatu. Shekarar da aka rufe makarantu saboda korona, mijinta ya sayo rediyo a Rabah don ɗiyarsu Kausar ta riƙa bin darasin da ake koyarwa da hantsi. Tana aji shida, ga jarrabawar shiga sakandare a gabanta.

Ruƙayyatu ba ta magana da maƙwabciyarta Juwairiyya, tun ranar da akuyar Juwairiyya ta cinye mata waken da ta shanya.

Wata rana ta leƙa ta dangar kara, sai ta ga Mahbuba, ɗiyar Juwairiyya, zaune a ƙasa ta kasa kunne ga rediyon tana rubutu. Su ba su da rediyo.

Washegari Ruƙayyatu ta kai rediyon ɗaka, ta rage murya, ta saki labule.

Ba a daɗe ba Kausar ta fara gudun darasin. Ranar da malamin ya ba da aikin lissafi, ta kife kai tana kuka.

"Ke, mi anka yi miki? Ba don ke anka sawo rediyon ba?"

"Inna, malamin sauri shikai. In ban gane ba, ba shi jina balle shi maimaita. Mahbuba ka sake yi min bayani in mun tai rijiya. Yanzu ita ma ba ta ji."

Sai Ruƙayyatu ta yafa gyale, ta ɗauki rediyon, ta yi sallama gidan da ta daɗe ba ta shiga ba.

"Lafiya?" in ji Juwairiyya, ba ta ajiye taɓaryar da ke hannunta ba.

"Lafiya lau. Rediyo na kawo, yaran su ji tare."

"Kin makara. Da Mahbuba ta daina jin darasin, babanta ya kai ta Goronyo wurin goggonta. Can akwai rediyo."

Da aka buɗe makarantu, Mahbuba ta wuce sakandare. Kausar ta maimaita aji shida.

Darasi: Kada rigimar manya ta sa ka toshe wa ɗan wani hanyar ilimi. Mai yiwuwa ta hannunsa naka yake ƙaruwa ba ka sani ba. Ku tura wa sauran iyaye su karanta.