Damtsen Muntari da Ƙafafun Ƙasimu

Akwai wani mai haƙar rijiya a Fammar ta ƙaramar hukumar Kibiya, ana kiransa Muntari. Ƙarfin damtsensa kuwa sai wanda ya gani, don shekara ashirin yana sara ƙasa yana jawo guga. Ranar wata Laraba igiya ta tsinke da shi, ya faɗa gindin rijiya, ƙashin bayansa ya karye, lakarsa ta yanke. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Da aka sallamo shi daga asibiti, aka ce ya riƙa zuwa ɗakin gashin ƙashi da motsa jiki na wani asibiti duk Talata. Ma'aikacin wurin, Malam Lukman, bai ɓoye masa komai ba.

"Malam Muntari, ƙafa kam sai abin da Allah Ya yi. Amma da hannayen nan naka, wata biyu ya ishe ka ka koyi sauka daga gado zuwa keke da kanka. Ka dage, ka ga halin da maiɗakinka take ciki."

Gaskiya ya faɗa. Matarsa Zulaiha na da cikin wata biyar, kuma ita ke ciccibarsa safe da yamma, don gidan ba wani babba sai Kawunsa, tsoho tukuf.

A ɗakin gashin nan ya haɗu da Ƙasimu, malamin firamare daga Rurum Tsohon Gari. Shi ba faɗuwa ya yi ba, cutar tibi ce ta ci ƙashin bayansa ta danne laka. Rana ɗaya suka fara zuwa, kowa a keken guragu, har sun saba suna raba goro.

Sai magani ya karɓi Ƙasimu. A sati na shida ya kama ƙarafan nan biyu da ake koyon tafiya a tsakaninsu, ya miƙe tsaye, ƙafafunsa na rawa. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Muntari ma ya ce masha Allahu, amma a baki kawai, zuciyarsa kuwa kamar an watsa mata barkono.

Tun daga ranar hassada ta samu wurin zama. In Ƙasimu ya yi taku uku, Muntari sai ya kasa cin abinci. In Ƙasimu ya miƙo masa goro, sai ya ce haƙori ke damunsa. A hanyar komawa gida ba shi da zance sai na bawan Allahn nan.

"Ɗan boko ne, shi ya sa ake ji da shi. Shi ana koya masa tafiya, ni an bar ni ina ɗaga gindi daga kujera kamar wani ɗan goyo."

"Haba Malam, ai ciwonku ba ɗaya ba ne," in ji Zulaiha. "A gabana aka yi maka bayani."

"Ke ma kin koma bayansa ke nan?"



Ku ji fa abin da mutumin naku ya yi. Ya daina zuwa asibiti, ya watsar da motsa hannun da aka koya masa. Ya sa Kawu ya samo itacen turare guda biyu, aka kafa su a tsakar gida daidai yadda ya ga ƙarafan can. Wai ai da idonsa ya ga yadda ake yi, abin da Ƙasimu ya iya shi ma zai iya.

Sati uku yana rataya a jikin itacen nan, ƙafafu na jan ƙasa, gumi na zuba. Ba tafiya yake nema ba kamar yadda yake neman ya riga Ƙasimu. Wata rana da hantsi Zulaiha na ɗakin girki, ya cije ya saki hannu ɗaya don ya gwada taku. Gwiwoyi suka lanƙwashe, ya zube a kan hannun dama, wuyan hannun ya karye. Aka naɗe shi da filasta, aka ce sai bayan wata biyu.

Da labari ya kai Rurum, Ƙasimu ya hau mota ya zo dubiya, yana dogara sanda. Muntari na ganin ƙafafunsa a bakin ƙofa ya juya fuska bango.

Ƙasimu ya zauna, ya yi masa sannu, sannan ya ce, "Ka tuna Uzairu, direban nan na ɗakin gashi da ya karye a wuya? Kullum sai ya tambayi labarinka. Ya ce a da yakan zuba maka ido kana ɗaga jikinka da hannu biyu, har ya yi hawaye, don shi ko kofi ba ya iya riƙewa. Ya ce da Allah zai ba shi rabin hannunka, da ya gama roƙo a duniya."



Bayan baƙo ya tafi, lokacin fita da shi bayan gida ya yi. Zulaiha ta shigo da cikinta na wata takwas, tana dafa bango. Ta sunkuya ta zura hannuwa a hammatarsa, ta yi bismilla ta ɗaga. Ya ji nishin da take ƙoƙarin haɗiyewa, ya ji jikinta na karkarwa.

"Zulai, sauke ni," ya ce. "Don Allah sauke ni."

"In sauke ka, wa zai ɗauke ka, Malam?"

Sai ya fashe da kuka.

Darasi: Kowa da irin jarrabawarsa, kowa kuma da irin sauƙin da Allah Ya ba shi. Mai jinya ya bi abin da masana suka tsara masa, kada ya auna warakarsa da ta wani, don hassada takan raba mutum da ni'imar da ke hannunsa, ta kuma jawo wa masu kula da shi wahala. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinya da masu jinyar wani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.