Moɗa Mai Jan Ƙyalle

Akwai wata mata mai suna Talatu da ke sayar da tuwo a tashar manyan motoci ta bakin iyaka a Jibiya. Kirista ce, aure ya kawo ta daga wajen Malumfashi. Mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, kuma tukunyar tuwon nan ce ke ciyar da su.

Shekara tara tana shan ruwa a randar tasha da moɗa ɗaya da kowa, babu wanda ya taɓa ɗaga kai.

A shekarar da aka fara Shari'a, sai wani ɗan kamasho mai suna Maharazu ya wayi gari da sabon ustazanci. Mutumin da ko a sahun masallaci sai an sha nema kafin a gan shi! Ya sayo moɗar roba, ya ɗaura mata jan ƙyalle, ya rataye a ƙusa can gefe.

"Talatu, daga yau ga taki. Bakin arniya ya bar taɓa moɗarmu."

Wani tsohon ɗan dako mutumin Maraɗi, Baba Kalilu, ya ce, "Kai Maharazu, wane malami ya hwaɗa maka haka? Ko limamin tasha tuwonta yake ci."

Maharazu ya yi kunnen uwar shegu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sauran mutanen. Ƙarti majiya ƙarfi, tuwonta na cikin cikinsu, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba.

Ba zan ɓoye muku ba, Talatu ta tsani mutumin nan. In ya gifta sai ta kau da kai ta tofar da yawu. Ranar Lahadi in aka tuna musu a coci cewa Yesu ya umarce su su kyautata wa masu ƙin su, sai ta ce a ranta, "Na ji, amma banda Maharazu."

Da damina ta yi nisa, amai da gudawa ya shigo gari. Wata Talata da tsakar rana Maharazu ya yanke jiki ya faɗi a gindin wata motar wake, taku kaɗan daga rumfarta. Ya ɓata wandonsa, ya ɓata rigarsa, ƙudaje suka yanyame shi. Warin kuwa ba a magana. Mutane suka yi da'ira daga nesa, kowa ya toshe hanci yana kallo.

"Ruwa," in ji shi da ƙyar.

Wani direba ya kai hannu ga moɗar randa, aka yi masa ca. "Kada ka ba shi da wannan! Mu da mi za mu sha?"

Talatu ta dubi ƙusa. Moɗa ɗaya ce ta rage a tashar da babu mai kishinta.

Maƙwabciyarta Salmatu mai fura ta riƙe mata zane. "Yaya Talatu, rufa wa kanki asiri. In kika taɓa shi, wa zai ƙara cin tuwon hannunki? Tuna da yaranki."

Gaskiya Salmatu ta faɗa, kuma Talatu ta sani. Ga ƙyamar ƙazantar, ga ƙyamar mutumin, ita kanta ba ta san wadda ta fi tayar mata da zuciya ba. Sai ta ce a hankali, "Ubangiji, ka san ba na so. Don kai ka ce ne."

Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta jiƙa gishiri da sukari a moɗa mai jan ƙyalle, ta durƙusa cikin ƙazantar nan ta tallafi kansa. Ya buɗe ido ya ga moɗar, ya gane ta, ya sha.

Baba Kalilu ya turo amalankensa suka ɗora shi. Har asibiti tana biye tana ɗura masa kaɗan-kaɗan. Sau biyu tana ratsewa gefen hanya ta yi nata aman.

Abin da Salmatu ta faɗa kuwa ya tabbata. Kwana tara ko mutum ɗaya bai zauna a bencinta ba. Ta wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, duk a banza. Kullum sai ta kwashe tuwo ta kai gida, yara su ci, saura ta zuba wa awaki, ta shiga ɗaki ta sha kuka.

Ranar kwana na goma sai ga Maharazu yana dogara sanda, ya rame kamar kara. Ya tsaya a bakin rumfa ya kasa haɗa ido da ita.

"Talatu, don mi kika yi haka?"

"Kada ka ɗauka daɗinka nike ji," in ji ta. "Har yau in na tuna warin nan zuciyata tashi take. Amma Wanda nike ƙauna ya ce in kyautata wa wanda ya ƙi ni. Ba ni iya ce mai ina ƙaunarka da baki, in ya aike ni kuma in noƙe."

Maharazu ya ja ƙafa zuwa ƙusa, ya sauko da moɗar, ya kwance jan ƙyallen ya yar. Ya ɗebi ruwa ya shanye a gaban duk 'yan tasha, ya ɗora ta kan randa kusa da ɗayar. Sannan ya dawo ya zauna a bencinta.

"Zuba mini tuwo."

Baba Kalilu ya zauna kusa da shi. Direbobi biyu suka matso suna sosa ƙeya.

Talatu ta ɗauki mara, hawaye na zubo mata. Ta sa ƙafa ta tura masa buta da sabulu.

"Wanke hannunka tukuna."

Darasi: Ƙaunar Allah ba a baki take ba, ana ganin ta ne ranar da ka bi umarninsa alhali ranka ba ya so. Kuma kada ka ware wa ɗan'uwanka moɗa, ba ka san da wadda za a shayar da kai ba. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura wa wani ya karanta.