Ƙayar Teku da Bokiti Huɗu

Akwai wani mutum a wani ƙauye da yake cewa Allah ya zuba masa albarka a tafin hannu. In ji shi, ko muciya ya kafa a ƙasa, kafin Lahadi ta zagayo sai ta yi ganye. Ya ce ya taɓa manta sandarsa a bakin rijiya, da ya koma bayan mako biyu sai ya tarar da mata suna hutawa a inuwarta. Mutane sukan yi dariya, shi kuwa ko murmushi ba ya yi. In wani ya nuna shakka, sai ya kama hannunsa ya zagaya da shi bayan gida, ya ce, "To, wannan fa? Ita ma ƙarya ce?"

Abin da yake nunawa wata shuka ce da babu irinta a ƙasar. Ganyenta mai tauri ne, launin toka, ƙaya ta kewaye bakin kowane ganye. Amma in lokacinta ya yi, sai ta fid da furanni shuɗaye kamar an tsoma su a marina, ƙudan zuma su yi ta kai da kawowa a kanta. Da bazara, sa'ad da ko ganyen rogo ya sunkuyar da kai, ita tana tsaye a tsakiyar rana ko a jikinta. Takan bushe ta sama, har ka ce ta mutu, shekara ta zagayo ta sake tohowa daga gindi. Ba wanda ya san sunanta, sai aka sa mata ƙayar teku, domin wan mutumin ne ya kawo ta daga can bakin teku, inda ya yi shekaru yana aiki.

Ga yadda abin ya faru, tun da shi ba zai gaya muku ba.

Wansa ya zo ganin gida wata shekara da farkon damina, ya ba shi saiwa biyu a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Ka sa su a yashi, inda rana take dukan ƙasa. Ka ba su ruwa har su kama. Daga nan ka manta da su."

Mutumin ya ce a ransa, "Wannan ya daɗe a bakin ruwa, ya manta noma." Sai ya ɗauki babbar saiwar ya dasa a inuwar mangwaro, ya cika ramin da taki, yana ba ta ruwa safe da yamma kamar mai jinya. Kafin wata ya ƙare ta ruɓe, har da wari. Ƙaramar kuwa, da yake ya rena ta, ya wurgar da ita a kan ragowar yashi da tsakuwar gini a bayan gida, ya tura mata ƙasa da ƙafa. Ruwan sama ya sauka a kanta, ta kama. Ta yi ta tura saiwa ƙasa, doguwa, tana neman laima a inda ido ba ya kaiwa. Shi bai ma san tana nan ba, sai ran da ta soke shi a ƙafa.

Da mutane suka fara tsayawa suna kallo suna tambayarsa yadda ya yi, sai ya ga cewa "ban yi kome ba" magana ce mai nauyi a baki. Ya ce, "Wahala ce, 'yan'uwa. Wahala da hannu mai kyau."

Ana nan, wansa ya tsufa ya komo gida, bai daɗe ba ya rasu. Aka binne shi a kan tudu a bayan gari, wuri mai tsakuwa, babu ko itace ɗaya. Ya bar matarsa, tsohuwa mai fama da ciwon gwiwa.

Wata rana tsohuwar ta zo da sandarta, ta tarar da mutumin a ƙofar gida tare da maza uku suna taɗi.

Ta ce, "Ƙanin miji, roƙo na zo."

Ya ce, "Haba matarmu, a gidanki? Faɗi, ko akuya ce."

"Bar akuyarka, ta fi ni ƙashi. Furen wanka nake so in dasa a kabarinsa. Kullum yakan ce kalarsa tana tuna masa da ruwan can."

Ashe 'ya'ya uku sun tsiro a gindin uwar a shekarar, su ke nan kuwa. Ita uwar ba ta ciruwa, gama wanda ya tsinke mata saiwa ya kashe ta. Mutumin ya haƙo ukun duka da ƙasarsu ya ba tsohuwar, ba rowa. Mutumin kirki ne, bakinsa ne kawai ya fi shi girma.

Ta ce, "To, yaya ake kula da su?"

Ya buɗe baki zai faɗi abin da wansa ya faɗa. Sai ya ga mazan nan uku sun miƙo kunne.

Ya gyara murya ya ce, "Bokiti biyu da safe, bokiti biyu da yamma. Kashin awaki kowane mako. Haka nake yi shekara bakwai, ban taɓa fashi ba, ko ranar Kirsimeti."

Tsohuwar ta dubi tudun, ta dubi gwiwarta. Ta ce, "Ubangiji zai ba da ƙarfi."

Daga rijiya zuwa kabarin akwai tafiya, hawa ne kuwa. Ba ta iya ɗaukar bokiti cike, sai rabi rabi. Ga shi damina ta wuce. Ta yi ta hawa tana sauka, tana hutawa a kan dutse, tana tashi. Shukar farko ta yi rawaya ta kwanta. Tsohuwar ta zo ta gaya masa.

Ya ce, "Anya ba ki rage ruwan ba?"

Ta ƙara. Ta biyu ta bi 'yar'uwarta. Wannan karon da ta gaya masa, wani abu ya soke shi a zuciya, amma ya ce, "Hannu ne, matarmu. Ba kowane hannu ba."

Tsohuwar ta koma gida tana duban tafin hannunta, tana tunani ko wani zunubi ne a kanta da ya sa ko fure ya ƙi zama a kabarin mijinta. Saura ɗaya, ita ma ganyenta na ƙasa ya fara laushi. Gwiwar kuwa ta kumbura kamar ƙwarya.

Sai ta ce, "Bari in je in gani da idona yadda masu hannu suke yi."

Da safe ta isa, ta tarar da shi zaune yana shan kunu.

Ya ce, "Kash, kin makara! Yanzun nan na gama ban ruwa."

Ta ce, "Sannu da aiki." Ta zagaya bayan gida, ya biyo ta da ludayi a hannu. Ta tsugunna da ƙyar ta taɓa gindin shukar. Yashi ya zubo ta tsakanin yatsunta.

Ya ce, "Ƙasar nan akwai ƙishi. Nan da nan take shanyewa."

Ta sa sanda ta tona, taƙi guda. Tururuwa suka fito suna gudu da ƙwansu.

Ya ce, "Su ma laimar suka biyo."

Ta ce, "Haka ne. To, ara mini bokitin naka, wataƙila albarkar a cikinsa take."

Ya nuna da ludayi ba tare da ya duba ba. "Ga shi can ƙarƙashin rumbu. Yi hankali, da sauran danshi."

Tsohuwar ta je ta sunkuya ta miƙa hannu. Sai ta janye da sauri, gama wani abu ya sare ta. Bokitin yana kwance a gefensa, kaza a ciki ta baje fikafikai tana gurnani. 'Yan tsaki biyu suka leƙo ta ƙarƙashinta.

Ta ce, "Ƙanin miji, kwana nawa kaza take kwanci?"

Ya ce a hankali, "Ashirin da ɗaya."

"Kuma da shi ka ɗebo ruwa yanzun nan."

"Ai... takan tashi ta ba ni wuri."

"Ashe agwagwa ce, ba ka faɗa ba."

Tsohuwar ba ta ci gaba da wasan ba. Ta zauna a kan turmi, ta ɗan ja zanenta ta nuna masa gwiwar. Ta ce, "Wanka bai taɓa ba mutum abu ba tare da ya gaya masa yadda ake riƙonsa ba. Me ya ce maka?"

Mutumin ya ajiye ludayin. Ya ce, "Yashi. Rana. Ruwa har ta kama. Daga nan a manta da ita."

Ta ce, "Wata biyu nake nutsar da furen mijina, ina roƙon gafarar zunubin da ban yi ba."

Ran nan shi ne ya hau tudun, da kwandon yashi a kansa. Ya kwashe takin, ya zuba yashi, ya sauko. Ba a ƙara kai ruwa ba. Ta ukun ta daɗe tana shawara, amma ta rayu.

Ma'anar wannan misali ita ce, akwai abubuwa masu kyau a rayuwarmu da ba mu ne muka yi su ba. Ɗa ya tashi da tsoron Allah, aure ya tsaya, bangaskiya ta ƙi bushewa a shekarar da kome ya bushe. Saiwar tana can ƙasa tana sha daga alherin Allah, sa'ad da mu muke barci, ko muke fama da wani abu dabam a gindin mangwaro. Ba a ce kada a dasa ba, ba a ce kada a ba da ruwan fari ba. Addu'a da koyarwa suna da wurinsu. Amma mai sa abu ya rayu ɗaya ne, ba ya kuwa zaune a cikinmu yana shan kunu.

Mun san wannan sarai. Sai dai in aka ba mu dama mu ba da shaida a gaban jama'a, muka ga kunnuwa sun miƙe, azumin kwana uku yakan zama na kwana arba'in kafin ya fita daga baki. Mukan ce ai ba wanda aka cuta, ɗan gishiri ne a miya. Amma a bencin baya akwai wata da ta ji, ta gaskata, ta tafi gida ta auna kanta da mudun da ko mai shi bai taɓa cikawa ba. Za ta ɗauki kayan da Ubangiji bai ɗora mata ba, in ta kasa kuma ta ce Allah ne ya ƙi ta.

Saboda haka in wani ya tambaye ka yadda ka yi, ka faɗi iyakar abin da ka yi. In kaɗan ne, ka ce kaɗan ne, sauran kuma ka faɗi wanda ya yi. Kafin ka aiki mai ciwon gwiwa rijiya sau huɗu, ɗan'uwa, ka fara sunkuyawa ka leƙa naka bokitin.