Tabawa Mai Kitso da Gashin da Ba Ya Rabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce.

Wata mai kitso ce, sunanta Tabawa. Da yatsunta take ci, da su take sha.

Ran nan ta je rafi, ta tarar da wata tsohuwar aljana a kan dutse. Gashinta ya rufe dutsen, ya rufe rafin, ya haura tsallake. Ya fi yashi yawa, ba mai iya ƙirga shi.

Aljana ta ce, "Ke 'yar nan, zo ki yi mini kitso. Kowace kalba ta zo daidai da 'yar'uwarta, kada sili ɗaya ya ragu. In ya ragu, na cire yatsa. In kin kuskure sau uku, duka goman nawa ne."

Tabawa ta ce, "To, Kaka."

Ta zauna ta raba biyu. Sili nan, sili can. Sili nan, sili can. Damina ta wuce, rani ya wuce. Da ta kai ƙarshe, sili ɗaya ya tsaya ba abokin tafiya. Aljana ta cire mata ƙaramin yatsa, ta jefa a gora.

Ta raba uku. Sili nan, sili can, sili can. Da ta kai ƙarshe, ga sili ɗaya kuma. Aljana ta cire na biyu.

Tabawa ta ji gora ta yi ƙwaram, kamar a cike take. Ta ce, "Kaka, duk waɗannan yatsun na su wane ne?"

"Na 'yan'uwanki masu kitso. Wata ta raba biyar, wata bakwai, wata ɗari, wata dubu. Tun da aka yi duniya ake rabawa, kullum da saura."

Tabawa ta ajiye tsinke. Ta tuna ƙwai bakwai. Ba sa rabuwa biyu, ba sa rabuwa uku. Sai dai kowane ƙwai ya zauna shi kaɗai, ko a bar su duka a ƙwarya ɗaya. Ashe manyan adadi ma akwai masu wannan hali.

Sai ta shafa man shanu. Ta tattaro gashin daga tsallake, daga rafi, daga dutse. Ta murɗe shi, ta tufke shi guda ɗaya.

Aljana ta shafa kai, ta ce, "Ke, ina 'yar'uwarta?"

"Ba ta da 'yar'uwa, Kaka. Da wa za ta saɓa? Laluba ki ji ko sili ya ragu."

Aljana ta laluba, ta laluba, ta laluba. Babu.

Aljana ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Yau kaina ya huta da tsaga." Ta juye gora. Yatsu suka watse, kowane ya nemi hannun uwargijiyarsa. Biyu suka koma wa Tabawa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa rafi. Ba komai ake rabawa ba, yara. Wani abin, in ba a riƙe shi ɗungurungum ba, sai an bar saura.