Takalman da Aka Ɓoye a Rumbu

Akwai wani mutum mai kiwon tumaki. Sunan ƙauyensu ya kuɓuce mini, amma ina tuna akwai rijiya a bakin hanya. Ciwon ƙashin baya ya kama shi, irin wanda yakan sandare mutum da safe kamar itace, sai ya yi ɗan tafiya kafin bayan ya saki.

Matarsa tana ƙaunarsa ƙwarai. Ta yi masa jinya yadda ta ga iyayenta suna yi: ta shimfiɗa masa tabarma, ta kai masa abinci da ruwan wanka har ɗaki, ta karɓi kiwon. Da ta ga yana leƙen waje, sai ta ɓoye takalmansa a rumbu.

Damina ta wuce yana kwance, bayan kuwa sai ƙara sandarewa yake yi. Wata rana ya tashi zai taryi baƙo a ƙofar gida. Bai kai ba, zuciyarsa ta hau bugawa, numfashi ya gagare shi, ya zauna a kan turmi.

Aka kai shi asibiti. Likita ta ba shi magani, ta ce, “Baba, wannan ciwo ba baya kaɗai yake taɓawa ba, har da zuciya. Kwanciyar nan tana raunana ta. Ka riƙa tafiya kullum, a hankali.”

Washegari matar ta fito da takalman, ta goge su da bakin zaninta, amma ta kasa miƙa masa.

Ta ce, “Maigida, in ka faɗi fa?”

Ya ce, “Uwar Tabita, ba kina kusa ba?”

Ta durƙusa ta sa masa. Ran nan iyakarsu rijiya. Da hunturu, ko bayansa kaɗan, sun kai makiyaya.

Ƴaƴana, ga ma'anar misalin. Mutumin nan shi ne duk mai rauni a cikinmu, a jiki ko a bangaskiya. Matar kuwa mu ne. Mukan ɗauke wa wanda muke ƙauna kowane motsi saboda tsoro, zuciyarsa tana raunana ba mu sani ba. Ubangiji ba ya yi mana haka. Yakan tashe mu, ya yi tafiya tare da mu daidai ƙarfinmu.

In akwai mai irin wannan ciwo a gidanku, ku kai shi wurin likita. In kun dawo, ku fito masa da takalmansa, ku ma ku sa naku.