Tashar Jirgin Malam Tanimu

Ku gyara zama. Yau ku ne alƙalai, ni nawa faɗi ne kawai.

An yi wani dattijo, Malam Tanimu, da ya shekara talatin yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Bayan ya yi ritaya aka rushe tashar aka jera shaguna a wurin. Abin ya tsaya masa a rai, ya ce shi zai sake gina ta a cikin kwamfuta, da siffar ƙananan tubalan robar nan masu kama juna da yara ke wasa da su. Shekara huɗu yana ɗora tubali kan tubali har suka kai dubu arba'in. Mutanen gidan tarihi suka ce in ya gama ya kawo fayil ɗin, za su sayo tubalan gaske su gina ta kowa ya gani.

'Ya'yansa uku ne, duk mata: Lantana babba, sai Indo da ke aure a wani gari, sai auta Balaraba wadda ta karanci kwamfuta. Lantana ce mai dafa masa abinci da raka shi asibiti, amma duk ranar da ya gama wata taga mai kyau sai ta ji ya ce, "Kira mini Balaraba ta gani." Lambar sirrin kwamfutar ma auta kaɗai ya ba. Wannan abu ya daɗe yana cin Lantana. Rannan tana shara ta tarar ya bar kwamfutar a buɗe, sai ta jona wayarta ta kwafe fayil ɗin, ta cire memorin wayar ta cusa a ƙasan akwatin zannuwanta. Ba wani amfani za ta yi da shi ba. So take dai ya zama abin da Balaraba ke taɓawa ita ma tana da shi.

Wata takwas bayan haka, saura mako huɗu a miƙa aiki, Malam na cikin adana fayil ɗin da hantsi wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo fayil ya ƙi buɗewa. Ya sha ce wa Balaraba ta yi masa kwafi tana cewa gobe. Bayan kwana biyu jininsa ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, aka kwantar da shi a asibiti.

Kwana uku Lantana tana juya abin a ranta. In ta fito da memorin, asirinta ya tonu, kuma Balaraba ce za ta yi gyaran a yaba mata. Amma ta kasa jure yadda idon mahaifinta ke bin duk wanda ya shigo ɗakin asibitin. Ta ɗauko ta dangwarar a gaban ƙanwarta.

Balaraba ta ce, "Yaya, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Inda ke ba ki ajiye ba."

Tsohon kwafi ne, ginin ko rufi bai kai ba, amma lafiya lau yake buɗewa. Ba don shi ba da babu inda za a fara.

Balaraba ta san cewa irin wannan fayil a cikinsa rubutu ne zalla, kowane layi tubali guda, da launinsa da mazauninsa. Ta buɗe lalataccen ta jera shi da tsohon, tana bi layi-layi, tana cire ruɓaɓɓun tana dasa masu kyau. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kai har idanunta suka kumbura. Tasha ta tashi da rufinta da ɗakin sayar da tikiti. Hasumiyar agogo ce kaɗai ta tafi, don layukanta sun dagule, tsohon kwafin kuma bai kai kanta ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa wa Balaraba albarka, Lantana tana kicin tana ji, tana buga murfin tukunya.

Indo kuwa da can wasan yara take kiran aikin, ko kunna kwamfuta ba ta iya ba. Amma da ta zo jinya ita ce a bakin gadon, ita ta lura cewa hannunsa na hagu yana iya matsa nata. Ta ce, "Baba, in e ne matsa sau ɗaya, in a'a sau biyu." Ta ɗauki takarda da fensir tana zana tana tambaya. Taga huɗu ce? Agogon gabas yake kallo? Rufin ja ne? Kwana shida suna haka har hasumiya ta fito a takarda, Balaraba ta mayar da ita tubala. Ranar da aka nuna masa tashar cikakkiya, hawaye ya gangaro masa, kuma hannun Indo ya riƙe. Lantana ta gani.

Daga nan Balaraba ta yi kwafi uku, ɗaya a memori, ɗaya a intanet, ɗaya ta ba Indo ta tafi da shi garinsu, sannan aka miƙa aiki.

Sai ga takarda daga gidan tarihi. Ranar buɗewa mutum ɗaya zai tsaya a madadin Malam ya ɗora tubalin ƙarshe, kuma sunansa kaɗai za a rubuta a ƙarƙashin na Malam. Balaraba ta ce kwafin Lantana na sata ne. Lantana ta ce satar ce ta rufa wa sakacin auta asiri. Indo ta ce a je a tambayi Baba, ta kama hannunsa za ta fara kiran sunaye. Lantana ta ce, "Dakata. Ko ya matsa ko bai matsa ba, wa zai sani in ba ke ba?" Indo ta saki hannun, Malam ya lumshe ido.

To, jama'a, wace ce a cikinsu ta fi cancanta ta ɗora tubalin nan?