Rariyar Cindo

Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta samu wurin zama.

A shekarar da waya ta shigo daji, babu dabbar da ta ƙara samun barcin rana. Mai kofato na dannawa da kofato, mai farce da farce. Da safe a ce Giwa ta mutu, kafin azahar a ce haihuwa ta yi, da la'asar a gan ta tana kiwo ba ta ma san ana yi ba. Ƙarya ta yi arha har ta fi ciyawa.

Akwai wani kurege a dajin, sunansa Cindo, mai yatsa shida da ciki kamar rijiya. Bai taɓa noma ko kunya ɗaya ba. Rani ya yi tsanani, 'yar gyadar da ya sato ta kusa ƙarewa, sai ya zauna bakin raminsa yana kallon manyan dawa suna cacar baki a kan abin da suka gani a waya. Ya kaɗa jela ya ce wa kansa, "Masu ƙarya sun yi yawa, kasuwarsu ta faɗi. Ni gaskiya zan kasa."

Ya buɗe shafi ya raɗa masa suna Rariya. Ya yi shela cewa duk labarin da ya shigo daji a nan za a tankaɗe shi, gari ya sauka, tsaki ya tsaya. In gaskiya ne ya manna masa koren ganye, in ƙarya ne jan barkono.

Da farko abin da makaho ma ya sani ya kama. Aka ce Giwa ta mutu, ya bari sai da kowa ya gan ta a tsaye, sannan ya manna barkono. Aka ce rafi ya ƙafe, ya jira har ƙasa ta tsattsage, ya manna ganye. Dabbobi suka ce wannan yaro ba ya kuskure. Da ya ga sun saki jiki sai ya ƙaro masani. Ya lallaɓa bayan suri ya yi birgima cikin ƙarangiya har ta rufe shi ruf, ya cusa jela ƙarƙashin ciki, ya shaƙe murya, ya ɗauki kansa a waya da sunan Dakta Bushiya, masanin ruwa da ƙasa. Daga ranar duk abin da Cindo ya faɗa Dakta ya tabbatar, duk abin da Dakta ya faɗa Cindo ya ce binciken Rariya ya nuna haka.

Sai dai fa gaskiya ba ta da daɗin haɗiya. Ranar da ya ce lallai Biri ne ya cinye kanyar jama'a, kuma shi ɗin ne, birai suka ce an saye Rariya. Ranar da ya wanke Biri daga satar zuma, suka ce ai dama sun san yaron ɗan halak ne. Cindo ya lura da wannan da kyau. Kowa na son rariya muddin garin maƙwabci ake tankaɗewa.

"Ni ne Cindo, na shida a hannu na farko a dawa," in ji shi, yana cire ƙaya daga gindinsa. "Na gane ciwonsu, saura in sayar musu da magani."

Tafki ɗaya ne ya rage a dajin duka, kuma akwai tsohuwar doka a kansa: wanda duk ya ɓata ruwan, shi da danginsa ba su ƙara kusantarsa sai ruwan farko ya sauka. A irin wannan rani, hukuncin nan da mutuwa ɗan juma ne da ɗan jummai. To ashe Cindo ya daɗe yana haƙa rumbu a ƙarƙashin gaɓar tafkin, don can ne da sanyi kuma ba mai tsammani. Ya yi ta haƙa da zari har wata rana gefen gaɓar ya rufta cikin ruwa.

Da gari ya waye aka tarar da tafki ya zama kunu. Masu cin nama suka ce Gwaggo Dije ce, tsohuwar ɓauna mai son birgima a taɓo. Masu cin ciyawa suka ce Talatuwa ce, kurar da ba ta da aiki sai jan mushe. Aka ce a jira Rariya.

Cindo ya san in aka tsaya duba gaɓar nan da idon basira, kashinsa ya bushe. Tun bai gama tunani ba sai ga Talatuwa a bakin rami, da ƙunshin ƙuli-ƙulin da ta wawuro daga ƙauye. Ta ce ba wai cin hanci ba ne, ta ga dai yana wahalar bincike ne ya rame. Ya durƙusa ya ce ran uwar ɗakinsa ya daɗe, shi ba ya karɓar komai daga hannun kowa, amma ta ajiye a ƙasa. Tana juya baya sai ga Gwaggo Dije. Ita ba ta iya sata ba, sai ta tunkuyi bishiyar goruba har 'ya'yan suka zubo kamar ƙanƙara, ta ce ya tsince, ta san shi yaron kirki ne mai tsoron Allah.

Ya kwashe duka ya kai abin da ya rage na rumbun. Ya ci ƙuli-ƙuli ya kora da goruba, sannan ya miƙe ƙafa ya yi dariya. Ya san masu cin nama zaurensu daban a waya, masu cin ciyawa nasu daban, ba mai leƙa na wani. Sai ya buɗe Rariya ta biyu, suna ɗaya, hoto ɗaya. A wadda ya tura wa dangin kura, Dakta Bushiya ya ce ya ga sawun kofato, aka wanke Talatuwa da koren ganye, aka manna wa Gwaggo Dije barkono. A wadda ya tura wa dangin ɓauna, Dakta ya ce ya ji warin mushe, aka wanke Gwaggo Dije tas.

"A bar su su yi ta kai ruwa rana har damina," in ji Cindo. "Ni na ci na dama, na ci na hagu, kuma kowa na sa mini albarka."

Da gari ya waye kowane ɓangare na rawa, kowa na jiran a kori ɗan'uwansa. Abu ɗaya Cindo ya manta. Zaure biyu ne, amma wurin caji ɗaya ne a dajin. Baba Kunkuru ne ke kwanciya a rana da farantin sola a bayansa, wayoyi na rataye jikinsa kamar layu. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Wayar Talatuwa ta fashe an ɗaure ta da baƙar roba, ta Gwaggo Dije ma haka. Da suka zo karɓa suna hararar juna, ya miƙa wa kowacce ta 'yar'uwarta.

Talatuwa ta danna don ta nuna wa ɓauna hujja, sai ta ga jan barkono a kan tata fuskar. Gwaggo Dije ta danna, ta ga nata barkonon. Suka jera wayoyin a ƙasa suna kallo. Can Gwaggo Dije ta ce, "Ke me kika ba shi?" Talatuwa ta ce ita ba ta ba shi komai ba, a ƙasa ta ajiye.

Aka kira Cindo bakin tafki, daji duka ya taru. Ko gezau bai yi ba. Ya ce 'yan kutse ne suka shiga shafinsa, maƙiya gaskiya, dama ya san za a rina. Gwaggo Dije ta ce to madalla, a kira Dakta Bushiya ya faɗa da bakinsa, kofato ya gani ko mushe. Cindo ya ce Dakta na da kunya, ba ya son taro, amma bari ya lallaso shi. Ya zaga bayan suri, ya yi birgimarsa da sauri, ya fito yana tafiyar ƙasaita.

Talatuwa ta tambayi ina Cindo. Dakta ya ce ya zaga uzuri. Ta matso ta shinshina shi.

"Dakta, kana ƙamshin ƙuli-ƙuli."

Ta kai masa hannu. Kowa ya san bushiya in an taɓa ta dunƙulewa take yi, don haka Cindo ya dunƙule. Amma ƙayar bushiya waje take kallo, ita kuwa ƙarangiya ba ta san ciki da waje ba. Ta shige masa ciki da hammata da inda ba a faɗa. Ya yi tsalle da ƙara, jela ta ɓallo ta miƙe sama kamar tsintsiya.

Gwaggo Dije ta yo kansa. Ya kauce ya bi gaɓa, ta bi shi, gaɓar da ya rarake ba ta iya ɗaukar ɓauna ba. Ta rufta. Ƙuli-ƙuli da goruba da ɓawon gyada suka yi ta tasowa saman ruwa a gaban kowa. Ba wanda ya nemi a manna ganye.

Kofato ya same shi a haƙarƙari, Talatuwa ta datse kan jelarsa, birai suka raka shi da jifan goruba. Ya yi ta gudu yana ɗingishi har ya tsallake dajin ya faɗa wani tsohon ramin gafiya. A bayansa kura da ɓauna sun shiga tafki tare suna yashe taɓo, suna kuma gardama, kowacce na cewa duk da haka Rariyar da ta wanke ta ce ta fi kusa da gaskiya.

Da gari ya waye Cindo ya leƙo, ido ɗaya a kumbure. Ya laluba ya ji wayarsa na nan. Ya juyo gefen fuskar da bai kumbura ba, ya zauna kan guntun jelar, ya ɗauki hoto yana murmushi. Ya rubuta cewa labarin da ake yaɗawa wai an doki Cindo, Rariya ta tankaɗe shi, ya manna jan barkono.

Kafin rana ta take, biran da suka jefe shi da hannunsu sun fara tura wa juna.

Ƙurunƙus, kan kuregen da bai daddara ba.